Na je Landan na tarar da atamfa cikin kwalba

Kwana biyar ke nan da dawowata Zariya, har yanzu jikina bai gama saki ba, kuma duk wanda ya shigo yi min barka da dawowa tambayarsa ɗaya ce, wai me na gano musu a Ingila. Bikin gama karatun ɗan wana ne ya kai ni, yaron da a hannuna ya tashi a Tudun Wada, shi ya yi ta fama da takardu har biza ta fito.

Daga Rigasa zuwa Idu a jirgin ƙasa, daga nan sai sama, ba wani labari. Inda raina ya ɓaci a wajen duba fasfo ne bayan mun sauka, wani ma'aikaci da bai fi sa'an ɗana na biyu ba ya tsare ni da tambaya, nawa ne a aljihunka, yaushe za ka koma, ya maimaita yaushe za ka koma ɗin nan har sau uku ko kallona bai yi ba. Na ce a raina yaro kwantar da hankalinka, masarata na gona ba a girbe ba, wa zan bar wa.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Landan mai ƙubba ruwan zinare, wanda ke gefen Regent's Park. Da aka idar yaron ya ce "Baffa mu ratsa ta cikin lambun nan, akwai abin da nake so ka gani." Tafiya ce mai ɗan nisa, muka wuce tafki da agwagi ƙosassu da ba mai kallonsu da niyyar miya, sai kawai ga wasu manyan abubuwa a tsattsaye cikin ciyawa, wani na tagulla, wani na dutse, wani an shafe shi da fenti ja wur. Na ja birki na ce kai, daga masallaci kuma sai wajen gumaka? Ya yi dariya ya ce ba mai bauta musu Baffa, baje koli ne, Frieze Sculpture ake ce masa, duk shekara wajen watan Satumba zuwa Oktoba ake kawo ayyukan masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban a jera a nan, in lokaci ya cika a kwashe. Shiga kyauta. Wai da yawansu ma na sayarwa ne, attajirai ke saye, mu talakawa mu sha kallo kafin nan.

Gaskiya yawancinsu ma ba siffar mutum ba ce balle dabba. Akwai wanda na daɗe a gabansa, ƙarfe ne aka lanƙwasa ya yi sama ya fi ni tsawo sau biyu, an goge shi har kana ganin fuskarka a ciki ta koma kamar ƙwarya, wajen da aka yi walda kuwa na bi da ido na rasa inda aka haɗa. Na tuna masu waldan bakin titin Kwangila, hannu suna da shi wallahi, kayan aiki da wuta ne babu. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai, ba katanga, ba waya, tagulla zunzurutu a fili tana kwana tana tashi. A unguwarmu murfin kwalbati ma bai kwana biyu 'yan jari bola ba su yi gaba da shi ba.

A nan na yi abin kunya. Na gaji, na ga wani dutse mai faɗi an sassaƙe shi sumul, na cire hulata na ɗora a kai ina shirin zama, sai ga wata yarinya mai rigar aiki da sauri, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin, wai don Allah ba a taɓawa. Ashe shi ma cikin kayan bajen yake. Yaron nan dariya har da riƙe ciki, na ce za ka zo Zariya ka same ni. Shayin da muka sha bayan nan don in huce, kofi ɗaya na takarda fam uku da ɗoriya, ruwan zafi da ganye ko burodi babu, na fara lissafi da naira ya ce Baffa in ka ci gaba da wannan lissafin yunwa za ta kashe ka a garin nan.

Ina zaune sai Samaru ta faɗo min. Lambun sassaƙa na sashen zane-zane a ABU, shekara nawa ina wucewa ta gefensa in na je wajen wani abokina, ban taɓa sa ƙafa ba, ɗauke kai nake yi. Alhali a garin namu aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa kawai ba, sai sun haɗa da na gida. Har yau duk mai maganar zanen zamani a Najeriya sai ya ambaci Zariya. Ni dai ra'ayina a kan mutum-mutumi mai siffar mai rai bai canza ba, na bar wa malamai, amma ado irin na bangon gidajen cikin birni da aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a ai mu ma mun gada.

Washegari muka je dandalin Trafalgar. Akwai dakali huɗu a kusurwoyi, uku da mutanensu a kai, na huɗun tun 1841 aka gina shi don a ɗora wani sarki bisa doki, kuɗi suka ƙare, ya zauna fayau sama da shekara 150. Na ce ashe su ma suna da aikin da aka yi watsi da shi. Yanzu aiki ake ɗorawa na ɗan lokaci a sauke a sa wani, kuma a 2010 na wani ɗan Najeriya aka ɗora, Yinka Shonibare, haifaffen Landan da ya tashi a Legas. Da aka sauke shi a 2012 jama'a suka yi karo-karo aka saye shi aka kai ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa a Greenwich, can muka bi shi.

Kwalba ce kwance, tsawonta ya kusa mita 5, a cikinta samfurin jirgin ruwan da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya yi yaƙin Trafalgar da shi a 1805, komai da komai har igwa, amma filafilansa duk na atamfa. Atamfa dai irin ta lefe! Na zagaya ta sau biyu ina ta kallon zanen, akwai wani mai ruwan ɗorawa da shuɗi da ya tuna min da na uwargida. Yaron ya ce da gangan ya yi, don ita atamfar da muke cewa tamu asalin zanenta daga Indonesiya ne, a Holan da Manchester aka riƙa bugawa ana kawo mana ta jirgin ruwa, mu muka karɓe ta ta zama tamu. Wani dattijo Bature da ke gefe ya ga babbar rigata ya tambaye ni ko ƙasarmu ɗaya da mai aikin, na ce ƙwarai, har da gyara tsayuwa, kamar tare muka yi.

Sauran kwanakin ruwa ne da sanyi. Mun hau tudun Greenwich na raba ƙafa a kan layin da ake auna agogon duniya da shi, an yi biki an ɗau hoto. Wani Bakano da muka haɗu a masallaci ya ja mu gidansa, maiɗakinsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka har da man shanu, ya kuma hana mu biyan kuɗin mota, Allah ya saka masa. A Peckham na sayi atamfa turmi biyu na tsaraba, uwargida ta buɗe ta duba baki ta ce irinta na nan jibge a kasuwar Sabon Gari, ta tambaye ni nawa na saya, har yau ban faɗa mata ba.