Abin da na koya daga jaridar Chicago Defender

A shekararmu ta ƙarshe a karatun aikin jarida, malaminmu ya ce kowa ya ɗauki jarida guda ya bi tarihinta. Ni Chicago Defender ta faɗo mini, jaridar baƙaƙen fatar Amurka da Robert Abbott ya kafa a 1905. A lokacin na ɗauka aikin jarida a rubutu yake ƙarewa, in alƙalami ya yi kaifi shi ke nan.

Abbott ya fara ta ne a ɗakin girkin matar da yake haya a gidanta, ya buga kwafi 300, ya bi ƙofa-ƙofa yana talla da kansa. Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar yadda jaridar ta riƙa isa kudancin Amurka, inda ake rataye baƙar fata ba shari'a, kuma jaridun Turawa su kau da kai. Wasu garuruwan sun hana sayar da ita. Sai ma'aikatan jirgin ƙasa na kamfanin Pullman, baƙaƙen da ke yi wa fasinjoji shimfiɗa da ɗaukar kaya, suka riƙa ɓoye ɗaurinta suna saukewa a tashoshi. Daga nan ta shiga shagon aski da coci, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su kasa kunne, kwafi guda ya yi ta yawo hannu-hannu har ya yage. Wanda aka kama da ita zai iya rasa aikinsa, ko abin da ya fi aiki.

Da jaridar ta yi kira a 1917 cewa baƙaƙen kudu su tattara su koma jihohin arewacin ƙasar, har da tallan guraben aiki da lokutan tashin jiragen ƙasa take bugawa, kuma dubbai suka amsa. Na daɗe a kan wannan babin, don ya tuna mini yadda kakana ke ba mu labarin Gaskiya Ta Fi Kwabo: a zaure ake zama, mai boko guda ya karanta wa kowa.

Bayan rasuwar Abbott a 1940, ɗan ɗan'uwansa John Sengstacke ya karɓa, ya mai da ita ta kullum a 1956. Daga baya ta koma mako-mako, a 2019 kuma ta daina fitowa a takarda, sai intanet. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai.

Yanzu da nake aiki, in na gama rahoto nakan tambayi kaina wa zai kai shi kunnen mutanen da na rubuta dominsu. Kwanaki na yi labari kan matsalar ruwa a wata unguwa, na koma na tarar ba wanda ya gani. Na zauna a teburin mai shayi na karanta musu daga wayata. Ban kai rabi ba wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, ɗana, rijiyoyin uku ne suka ƙafe, ba biyu ba."