Ƙwaya biyu a gefen zani

Talata, 12 ga Agusta

Na karɓi aiki ƙarfe 8, ɗakin yara ba masaka tsinke. Wasu gadajen yara bibbiyu ne a kai, iyaye mata sun baje tabarmi a baranda. Haka Agusta take mana duk shekara: damina ta yi tsakiya, sauro ya samu wurin haihuwa, zazzaɓi sai kwaso mana yara yake.

Wajen ƙarfe 9 wata dattijuwa ta shigo da jikanta a goye, bai fi shekara biyu ba, yana jijjiga. Na ja fatar idonsa ta ƙasa, fari fat. Tafin hannu ma haka. Gwaji ya nuna maleriya, jini kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya rubuta allurar Artesunate da ƙarin jini. Allurar nan ba a yi mata wasa da lokaci: ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku idan an cika awa 24. Kawun yaron ne ya ba da jini, Allah ya saka masa.

Da jijjigar ta lafa na tambaye ta, "Iya, masu raba maganin damina gida-gida ba su zo muku ba?"

Ta kwance ƙullin gefen zaninta ta miƙo min katin maganin. Gurbi biyu a fashe, ƙwaya biyu na nan ba a taɓa ba. Ta ce, "Sun zo, 'yar nan. A gabanmu suka ba shi. Waɗannan na adana ne saboda ranar da jiki zai yi zafi."

Ban iya yi mata faɗa ba. Wadda ta saba da rashi, tanadi shi ne hankali a wurinta. Amma maganin rigakafi ne, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ana ba da shi wata-wata a damina, kwana uku a jere. Ranar farko mai rabo ke bayarwa, sauran biyun a hannun uwa suke. A nan maganar take yankewa. An faɗa mata sau ɗaya a bakin zaure, tana tsakiyar girki, ga kukan yaro. Me zai zauna?

Abin da ya sa nake rubuta waƙa ke nan, ko in ce rabin dalilin. Wata abokiyar aikina takan ce jinya daban, waƙa daban. Ni ban ga haka ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Jajis ɗinta, wato matan da ta horar don su karantar, su haddace baitoci su kai ƙauyuka, 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, su ɗauka, abin ya zauna a ka ba tare da takarda ba. Matan da ke kan tabarmin barandarmu jikokin waɗancan ne. Takarda takan ɓata, amsa-amo kuwa yana bin mace har bakin murhu.

Bayan azahar, kafin rabon maganin ƙarfe 2, na rubuta wannan a bayan wata tsohuwar takarda:

Ta farko an ba shi gaban idonki,
Ta gobe da jibi suna hannunki.
Jiki ya yi zafi, ki goya ɗanki,
Ki zo asibiti, kada dare ya riske ki.

Na rera wa Iya a hankali. Ta maimaita, matar gadon kusa ma ta kama, har ta ce in sake don ta kai wa kishiyarta.

Ɗaya rabin dalilin ba na rerawa ba ne. Yarinyar gadon bakin taga, wadda muka yi ta fama da ita tun jiya, ta cika da la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A fayil layi ɗaya na rubuta: lokaci da sa hannu. Fayil ba shi da gurbin yadda uwar ta ci gaba da yi mata fifita bayan an faɗa mata. Irin wannan a littafina na gida yake shiga, ba suna, ba gari, domin sirrin majiyyaci amana ne ko a cikin baiti.

Jikan Iya ya buɗe ido kafin in tashi, har ya karɓi ruwa a cokali. Na jaddada wa mai aikin dare allurar ƙarfe 9. Gobe akwai awon yara, kuma shugabar sashenmu ta amince in karanta wa mata baitocin kafin a fara kiran kati.