Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Takardar da Ke Ƙasan Akwati

A makon jiya na tsaya a ranar da aka kawo kuɗin gaisuwata gidanmu da ke Yakasai, cikin shekarar 2011. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, a ranar akwai wata takarda a ninke a ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofin da Inna take tara mini. Tun muna sakandare aka ɗebi jininmu, aka rubuta mini haruffa biyu a cikinta: AS. Ma'aikaciyar jinyar ta bayyana mana cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri mai AS irinsa, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai amosanin jini, wanda muka fi sani da sikila.

Wanda zan aura ɗan Gwaggo ne, yayar mahaifina, kuma na san ƙaninsa ya rasu yana yaro bayan ya sha fama da ciwon ƙashi da shawara, ko da yake a gida cewa ake yi iska ce ta taɓa shi. Saura wata biyu biki na sami yayata a ɗakinta, na ce mata ina so a ce masa ya je ya yi gwajin jini. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ki bar kaza cikin gashinta. Idan aka gwada aka fasa, da wane ido Baba zai kalli Gwaggo?" Ba zan ɗora wa Yaya laifi ba, domin amsar da na je nema ke nan ta ba ni. Ina son yaron nan, kuma na fi son in kwana da zaton cewa shi AA ne, wato marar gadon sikila a jininsa, a kan in ga takardar da za ta iya raba mu. Sai na sa wa tsorona suna tawakkali, alhali tun a Islamiyya aka karantar da mu hadisin da ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah.

Gaskiya na ji daɗin wannan rufa-rufa. Shekara biyu muka yi a Kurna cikin kwanciyar hankali, yana fita Kantin Kwari da safe, ya dawo mini da tsarabar gurasa da yamma, har na manta da takardar.

A 2013 na haifi ɗanmu na fari. Yana wata takwas, da hunturu ya kankama, sai bayan hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura suka yi zafi, ko zani ya goge su sai ya tsandara kuka har muryarsa ta dushe. Zuciyata ta gaya mini ko mene ne tun a daren farko, amma da maƙwabta suka ce haƙori ne, na karɓa da hannu biyu, na yi mako uku ina ba shi jiƙe-jiƙe. Waɗannan makonni uku sun fi komai ci mini rai har yau, domin a karo na biyu na zaɓi abin da zai lallashe ni, shi kuma yaron yana kwance yana ɗauke da ciwon.

Na daɗe ina tambayar kaina ko akwai ɓoyon da ya halatta, kuma ina ganin akwai. Lokacin da kakarmu take jinyar ajali, ƙaninta ya rasu a Wudil, aka ƙi gaya mata har ta cika bayan kwana huɗu, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba, tunda babu wanda ya cutu, babu kuma wani mataki da sanin zai sa ta ɗauka. Nawa ya sha bamban, domin akwai abin da zan iya yi, kuma wanda ya biya kuɗin kwanciyar hankalina jariri ne da ba a nemi shawararsa ba. Shi ya sa da na ji a rediyo a 2024 cewa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na rukunin jinin nan, sai da na zauna na yi kuka.

A asibiti likita ya zana mana ƙwayar jini a takarda, ɗaya zagayayya, ɗaya a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce mai lafiyar tana yin kwana 120 a jiki, ta sikila kuwa da ƙyar take wuce kwana 20, kuma ita ce take toshe ƙananan jijiyoyi ta haddasa wannan azaba. Daga nan ya ɗago ya ce, "Kun yi gwaji kafin aure?" Maigidana ya ce, "Wallahi likita, ba mu san da shi ba." Ni kuwa na sunkuyar da kai, na gyara wa yaron hula.

A daren, bayan ya yi barci, na jawo akwatin na ɗaga atamfofin, na tarar da takardar yadda na bar ta. Na riƙe ta a hannuna har aka kira assalatu, ina jin motsin maigidana yana alwala a tsakar gida. Abin da ya faru da ya shigo ɗakin, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.