Tsallaken Shinge Daga Fili Yake Farawa

Wanda ya zo kallon dawaki masu tsallake, idonsa kan shinge yake tsayawa, yana jiran lokacin da doki zai tashi sama. Amma wanda ya zauna a kan sirdi ya san cewa wannan tashin bai fi ƙiftawar ido ba, kuma abin da zai sa doki ya haye lafiya ko ya ture sanda an riga an gama shi tun a takun da ya yi kafin ya iso. Wannan shi ne babban abin da na koya tun da na fara horar da wani akawal, wato baƙin doki, a hannun wani dattijo, tsohon mahayi da ya yi aikin damara a kan doki, wanda dukkanmu a bargar muke kira Baba.

Dokin ya zo mana da tarbiyyar hawan sallah. An saba masa da linzamin gargajiya mai ƙarfi, wanda da an ɗan ja kamazuru zai kafe ƙafafunsa na baya ya yi zamiya a gaban sarki. Ba na raina wannan horo, domin tsayar da ingarma cak daga cikakkiyar sukuwa a tsakiyar taron jama'a gwaninta ce ta gaske. Sai dai aikin tsallake yana neman akasin haka. Yana son doki ya miƙa wuyansa gaba, ya nemi hannun mahayi da bakinsa, ya yarda cewa hannun ba zai cuce shi ba. Akawal kuwa da ya ji motsin linzami sai ya ɗaga kai sama, ya lanƙwashe bayansa ƙasa, ya gajarta taku. Linzami yana zama ne a wani gurbi na baki inda babu haƙori, fata ce siririya a kan ƙashi, don haka dokin da ya taɓa shan zafi a wurin ba ya saurin mantawa. Baba ya sauya masa linzami mai laushi, mai gaɓa a tsakiya, ya kuma hana mu kusantar kowane shinge har sai ranar da dokin ya sauke kansa da kansa.

Aikin fili ba shi da abin burgewa ga mai kallo. Tafiya ce da sassarfa da ƙaramar sukuwa, ana zagaya da'ira mai faɗin mita 20, ana sauyawa daga wannan tafiya zuwa waccan, ana juyawa hagu da dama. Kowace tafiya tana da bugunta: tafiyar ƙasaita bugu huɗu, sassarfa bugu biyu, ƙaramar sukuwa bugu uku. Baba ba ya yawan kallon dokin, kunne yake sa wa kofato, kuma idan bugun ya rikice zai ce, “Ɗana, ka saurara, ƙasa tana gaya maka abin da hannunka ya yi.” Daga baya na fahimci cewa tsarin horon da Jamusawa suka shahara da shi ma da wannan ya fara, wato daidaiton bugu, sannan sakin jiki, sannan amincewa da linzami, kafin a zo maganar ƙarfin tunkuɗa daga baya, da miƙewa sak, da tattara jiki. Jerin yana da hikima, domin ba a samun na gaba sai na baya ya zauna.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne karkata. Kamar yadda mutum yake da hannun da ya fi ƙwarewa da shi, haka kusan kowane doki yake da ɓangaren da ya fi masa sauƙin lanƙwasawa. Akawal yana juyawa dama cikin sauƙi, amma idan aka nufi hagu sai ya jefa kafaɗarsa cikin da'irar, ya mai da kansa waje. Maganin ba ya hannu. Ƙafar mahayi ta ciki ce take tura haƙarƙarinsa waje, kamazurun waje kuma ya tare shi kada ya zame, har jikinsa ya bi siffar da'irar tun daga kunne zuwa wutsiya. Ga kuma batun nauyi: doki a tsaye yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, alhali tsallake daga ƙafafun baya yake tasowa. Duk wani sauyi daga sassarfa zuwa tafiya da komawa sassarfa, idan an yi shi da kyau, yana koya masa shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, kuma wannan shi ne ƙarfin da zai ɗaga shi a gaban shinge.

Da muka fara sanduna, a ƙasa aka shimfiɗa su. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne tazarar kusan mita 1.3 tsakanin sanda da sanda ga mai sassarfa, ana kuma lissafa takun ƙaramar sukuwa a kan kusan mita 3.6. Amma waɗannan ma'aunai an yi su ne da manyan dawakin Turai, namu kuwa sun fi ƙanƙanta, takunsu ya fi gajarta. Baba yakan sa a share ƙasa, a wuce da dokin sau ɗaya, sannan ya tsuguna ya duba sawun kofato. Idan sawun ya faɗi daidai tsakiyar sanduna biyu, tazarar ta yi. Idan ya matsa kusa da ɗaya, sai a gyara sandar, ba a tilasta dokin ba. Ranar da aka gicciya sanduna biyu suka zama ƙaramin shinge, Akawal ya taho da sassarfa, ya miƙe kunnuwansa gaba, ya sauke hanci ya dubi abin, sannan ya naɗe gwiwoyinsa ya haye, ya dira ya ci gaba da bugu uku ba tare da ya fizgi kai ba. Tsayin bai kai gwiwar mutum ba, amma na ji bayansa ya taso ƙarƙashin sirdi a karo na farko, kuma na san watannin da'ira ne suka haifar da wannan.

Mahayi ma yana da nasa karatun. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, sojojin dawaki a Turai suna jingina baya ne idan doki zai tsallaka, suna ja masa baki. Wani hafsan sojan Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya lura da yadda doki yake tsallake idan babu kowa a kansa, ya kawo salon gajarta likkafa, mahayi ya ɗaga daga sirdi, ya karkata gaba, ya bar hannunsa ya bi bakin doki. Wannan salon ake bi har yau. Ga wanda ya taso da sirdinmu mai tudu gaba da baya, wanda yake rungume mutum, zama a kan sirdi mara tudu da gajeriyar likkafa yana buƙatar sabon ƙarfi a cinya da ƙwauri. Sakin hannun kuma ba ado ba ne. Doki ba ya ganin abin da yake daf da goshinsa ko ƙarƙashin hancinsa, saboda haka yana auna shingen ne tun daga nesa ta hanyar ɗaga kai da sauke shi, kuma wanda ya ƙulle masa wuya ya hana shi aunawa.

Akwai lokacin da ya fara ƙin shinge yana bauɗewa gefe guda, wasu a bargar suka ce taurin kai ne, a sa masa ƙaimi da bulala. Baba ya ƙi, ya sa aka kira likitan dabbobi, aka tarar turamen haƙoransa sun yi kaifi suna yankar kumatunsa duk lokacin da linzami ya motsa. Aka goge su, aka ba shi hutu, muka koma sanduna a ƙasa, bauɗewar ta ɓace. Tun daga nan, kafin in ɗora laifi a kan halinsa, nakan shafa bayansa inda sirdi yake zama, in duba inda majayi yake ɗaurewa, in bi jijiyoyin ƙafafunsa da tafin hannu ko akwai zafi ko kumburi. Ƙasarmu da rani tauri take yi, dira a kanta kuwa yana cin gaɓoɓi, shi ya sa muke tsallake a kan yashi kawai, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, kuma ba kullum ba. Sauran ranakun na aikin fili ne da kilisa a bayan gari, ga harawa da dusa da ɗan kanwa da ruwa wadatacce.

Yanzu Akawal yana haye shinge mai tsayin santimita 80 cikin natsuwa, yana kuma iya biyu a jere da taku ɗaya a tsakani. A gasa, ture sanda ɗaya maki huɗu ne na laifi, kuma sandunan da yake turewa kusan duka bayan juyawa hagu ne, inda har yanzu yakan tashi ƙaramar sukuwa da ƙafar da ba ita ba, wato ƙafar gaba ta dama ce take yin jagora maimakon ta hagu. Baba ya ce ba za a ƙara tsayin shinge ba sai wannan ya gyaru, don haka a makonnin da ke tafe za mu koma da'irar hagu.