Zanen hadari da fentin mai: ajiye baƙin nan tukuna

Mai koyo da ya tashi zana hadari, baƙin fenti yake fara ɗauka, kuma daga nan aikin ke lalacewa. Dubi hadarin da ke haɗowa kan duwatsun Abha ko Ɗa'if a nan Saudiyya da la'asar: shuɗi ne da ruwan toka da ɗan ja-ja, sai wata ɓaraka da haske ke tsiyayowa. Ɓarakar nan ce ke sa duhun ya yi nauyi. Constable, mai zane ɗan Ingila, ya shafe 1821 da 1822 yana zana gajimare a unguwar Hampstead ta Landan, yana rubuta lokaci da inda iska ta nufa a bayan takarda. Shi kuwa Turner, wani mai zanen Ingila, a zanensa na guguwar ƙanƙara na 1842, da ƙyar ake gano jirgin ruwan da ke tsakiya.

Kala biyar sun ishe ka: farin titaniyam, shuɗin altaramarin, ƙonanniyar amba (ruwan ƙasa mai duhu), ƙonanniyar siyena (ruwan ƙasa mai ja-ja), da rawayar oka. A kantin littattafai na Jarir ana samunsu. Kanfas, wato yadin da ake zane a kai, mai santimita 30 da 40 ya isa gwaji.

Kada ka fara a kan kanfas fari fat. Tsinka amba da tarbantin, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ta yi ruwa-ruwa, ka shafe kanfas duka, ka goge wurin hasken da tsumma. Amba na saurin bushewa, kwana ɗaya ko biyu. Ja layin da sama ta haɗu da ƙasa can ƙasa-ƙasa, ka bar wa sama kashi biyu cikin uku.

Duhun hadarin kuwa, haɗa altaramarin da amba daidai wa daida. Ƙara shuɗi ya yi sanyi, ƙara amba ya yi ɗumi irin na iskar ƙura. Shafa shi siriri da babban burushi, kana bin inda iskar ta nufa. Haske ne ake ɗorawa da kauri: fari da ɗigon oka, da wuƙar fenti, daf da wurin da ya fi duhu. Wuri ɗaya tak. Idan ka watsa haske ko'ina, ido zai rasa inda zai sauka.

A nan hannu yake ƙaiƙayi. Ana ta murza burushi tsakanin fari da duhu har komai ya koma taɓo. Shafa biyu ko uku da busasshen burushi mai laushi, ka goge shi, ka ɗaga hannu. Cikin gajimaren ya narke, amma bakin da haske ke bugawa a bar shi da kaifinsa. Ruwan da ke zuba daga nesa, ja ɗaya ne a karkace da busasshen burushi tun fentin na ɗanye.

Kowane shafi na sama ya fi na ƙarƙashinsa mai. Na farko da tarbantin, na ƙarshe da ɗan man linsid, man da ake haɗa fenti da shi. Idan aka juya, na sama zai riga bushewa, daga baya ya tsattsage.

Sai matsalarmu ta nan, ƙura. Jingina zanen yana fuskantar bango ba tare da ya taɓa ba, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Farin da aka ɗora da kauri yakan haura mako bai bushe ba, kuma warnish, ruwan kariya da ake shafa wa zanen daga ƙarshe, sai bayan wata shida. Tsumman da ya sha linsid, jiƙa shi da ruwa cikin gwangwani mai murfi, don idan aka dunƙule shi a zafin Makka ko Jidda yana iya kama wuta da kansa.