Gadar ƙarfe da tangaran a haƙoran turmi

Jama'a, idan turmi ɗaya ya fita, gadar da likitan haƙori ke sakawa don cike giɓin guda uku ce a haɗe: hula biyu da ake rufe haƙoran gefe da su, haƙorin da aka ƙera a tsakiya. Cikinta ƙarfen kobal da kuromiyam ne, an gasa tangaran a kansa.

Aikin yana wajen fiƙewa. Sai likita ya rage saman taunawa na haƙoran gefen kamar milimita 1.5 zuwa 2. In ya rage kaɗan, tangaran ya yi siriri, ranar da aka ciji ƙashi ko ƙanƙara sai ya ɓare, ƙarfe ya leƙo.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne ruɓewa a bakin hula, kusa da dasashi. Asuwaki ba ya shiga ƙarƙashin gada. A zura zaren haƙori ta nan kullum, don Allah.