Ƙannena, katin baftisma bai isa ba

Ƙannena matasan ikilisiya, musamman ku 'yan kwaya, mawaƙan ikilisiya, da 'yan Sabon Rai masu fita wa'azi, akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. Lokacin da nake kamar ku, a tunanina tunda an min baftisma, ina cin jibin Ubangiji, ina ba da zakka, ba a taɓa sa ni ƙarƙashin horo ba, to shikenan sunana na cikin littafin rai. Lissafi kawai nake da Allah kamar mai shago.

Ina cikin haka goggona ta kwanta ciwo a ƙauye, ita fa ta riƙe ni tun ina ƙarami, aka yi ta aiko min saƙo ina cewa sai bayan Ista, yau koyon waƙa gobe fita wa'azi, har ran da aka bugo waya wai ta huta. Na je jana'iza na ja waƙa, mutane na yaba muryata, ni kaɗai na san abin da ke zuciyata.

Ku buɗe Matiyu 25 daga aya 31 ku karanta da kanku. Ranar da za a raba tumaki da awaki, maganar da Sarki zai yi ta mai yunwa ce da mai ƙishi da baƙo da marar tufa da marar lafiya da ɗan kurkuku. Marar lafiya fa! Kuma Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya ake mutuwa, daga nan sai shari'a.

Bayan wannan sai na faɗa wani kuskuren, tsoro ya kama ni har na fid da rai da samun gafara. Wani tsohon fastonmu ne ya zaunar da ni ya ce ɗana, ka karanta Afisawa 2:8 zuwa 10, ceto ta wurin alheri ne, kyauta ce, jinin Yesu ya biya, ayyuka nagari kuma biyo baya suke yi domin su aka halicce mu. Ya nuna min Romawa 8:1, babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ranar na yi kuka sosai, kuma ina da bege zan ga goggo a tashin matattu.

To ku dai kar ku bi hanyata. Ku miƙa ranku ga Yesu da gaske tun yanzu, in kuma an ce wani naku na kwance, ku nemi izini wurin shugaban kwaya ku hau mota ku je.